Tambayoyi da Amsoshi Game da Larurar Rarrabuwar Sanin Kai da Kula da Mai Ita

Shekarun da na yi a Garwa, a arewacin Kamaru, ina tafinta tsakanin marasa lafiya da ma'aikatan jinya, ina juya Hausa da Fulatanci zuwa Faransanci, sun nuna mini cewa akwai wata larura da iyalai kan zo da ita asibiti ba su da sunan da za su kira ta da shi, sai dai su ce "tana da iska", ko kuma "wani lokaci ba ita ba ce". Ni ba likita ba ne, kuma wannan shafi ba zai tsaya a madadin ganin likita ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda na fi jin dangi suna yi a kan benci kafin a kira su ɗakin dubawa. Na fi yin magana da lamirin mace domin mata aka fi kawowa, amma maza ma suna da larurar.

Wace larura ce wannan?

Likitocinmu suna rubuta ta a karnen asibiti, wato ɗan littafin da ake rubuta bayanin mara lafiya a ciki, da sunanta na Faransanci, trouble dissociatif de l'identité, ko su taƙaita ta da haruffa uku, TDI. Hausa ba ta riga ta tsayar mata da suna ba, don haka na kira ta rarrabuwar sanin kai. Lafiyayyen mutum yana da zare guda da ya ɗinke jiyarsa da yau ɗinsa: ya san shi ne ya yi fushi da safe, shi ne kuma ya yi dariya da yamma, ko da halin safiyar da na yammar ba su yi kama da juna ba. A wannan larura zaren ne yake tsintsinkewa. Sai a sami ɓangarori biyu ko fiye a cikin mutum guda, kowanne da irin muryarsa, da abin da yake tunawa, da abin da yake tsoro, wani lokaci har da sunansa da shekarun da yake jin yana da su, kuma suna karɓar ragamar jiki daga juna. Alama ta biyu, wadda ba a tabbatar da larurar sai da ita, ita ce mantuwa mai giɓi, wadda ta wuce mantuwar yau da kullum: awa uku ko yini guda ya ɓace mata ɗungurungum, ko wani yanki na ƙuruciya ya zama kamar an yage shi daga littafi.

Masanin nan ɗan Faransa, Pierre Janet, wanda ya yi aiki a asibitin Salpêtrière da ke Faris, ya yi bayanin wannan ɓallewa ta hankali tun a 1889. A 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa larurar a kundinta da sunan da ke nufin mutane da yawa a jiki ɗaya, sai a 1994 ta sauya sunan, domin tsohon yana ɓatar da mai karatu. Mutum ɗaya ne, wanda sassan hankalinsa ba su sami damar haɗewa ba tun yana ƙarami. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa ta a kundin cututtuka na 11, wanda ya fara aiki a watan Janairu na 2022.

Yaya take bayyana a cikin gida?

Akasari ba ta zuwa da hayaniya, kuma wannan ne ya sa ake daɗewa ba a gane ta ba. Bari in ba da labarin wata mata, bayan na sakaya abin da zai sa a gane ta. Tela ce, shekarunta sun ɗan haura talatin, kuma mijinta ne ya kawo ta saboda rigimar da ta yi yawa tsakaninta da masu kawo ɗinki. Mace za ta zo ta ce ta ba ta atamfa da kuɗin kafin alƙalami ranar Laraba, ita kuwa ta rantse da Allah ba ta taɓa ganin atamfar ba, sai an buɗe akwati a tarar da ita an riga an yanka, da irin yankan da ita kaɗai take yi. Littafin da take rubuta awo a ciki yana da rubutun hannu iri biyu, ɗaya tsararre, ɗaya manya-manyan haruffa kamar na ɗan aji ɗaya. Sau ɗaya ta farga ta ga kanta a tashar mota da tikiti a hannu, ba ta san yadda ta zo ba, ba ta kuma san wurin wa za ta ba. Abin da ya fi tayar wa mijin hankali shi ne, idan wani baƙo ya shigo da ƙamshin wani irin turare, sai ta shige ƙarƙashin keken ɗinki ta dunƙule, tana magana da muryar yarinya 'yar shekara shida, tana roƙon a kira mata Dada, kakar da ta rasu fiye da shekara ashirin. Bayan rabin awa sai ta fito ta tambayi dalilin da ya sa kowa ya zuba mata ido.

Ban da irin wannan, masu larurar suna yawan kukan ciwon kai, da rashin barci, da mugayen mafarkai, da jin muryoyi suna gardama a cikin kai, da jin kamar suna tsaye a gefe suna kallon jikinsu yana aiki. Yawancinsu ɓoye abin suke yi iya ƙarfinsu, domin sun gwammace a ce musu masu shirme ko maƙaryata da a ce musu mahaukata.

Me ke kawo ta?

Abin da mafi yawan masanan da ke jinyar masu larurar suka tafi a kai shi ne, tushenta azaba ce mai tsanani da aka riƙa maimaita wa yaro tun yana ƙarami ƙwarai, kafin hankalinsa ya gama haɗuwa, kuma ba shi da wurin gudu. Kundin likitocin Amurka na 2013 ya ce a cikin waɗanda aka duba a Amurka da Kanada da Turai, kusan kashi 90 cikin ɗari sun ba da labarin cin zarafi ko wofintarwa a ƙuruciya. Babba idan aka zalunce shi yana iya gudu, ko ya rama, ko ya kai ƙara wurin mai unguwa. Yarinya 'yar shekara huɗu da ake riƙo a gidan da wanda yake ciyar da ita shi ne yake cutar da ita, ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma gobe da safe dole ta durƙusa ta gaishe shi. Hanyar da ta rage wa hankalinta ita ce ya ware abin da ya faru da dare ya ajiye a gefe, kamar wata ce daban abin ya sama, domin wadda za ta tashi ta yi shara ta tafi makarantar allo ta iya ci gaba da rayuwa. Idan aka yi shekaru ana haka, katangar da ke tsakani takan yi kauri har ta zama hali. Dabara ce da ta ceci yarinyar a lokacin, ta kuma zame wa babbar matar nauyi bayan haɗarin ya wuce.

Ba ina nufin riƙo ko aikatau ko almajirci su ne cutar ba, domin dubban yara sun tashi a hannun goggo ko kawu cikin gata. Abin lura shi ne yaron da ba shi da babba ko ɗaya da zai kai wa kuka a yarda da shi. A yankinmu kuma akwai ƙarin abin damuwa tun daga 2014, lokacin da hare-haren Boko Haram suka tsananta a Kolofata da Amcide da Fotokol da tsibiran tafkin Cadi, ga kuma sansanin Minawao kusa da Mokolo da aka buɗe wa 'yan gudun hijira a 2013. Babban da ya ga tashin hankalin yaƙi ya fi kamuwa da larurar firgici bayan masifa, wadda take daban. Amma yaran da suka yi shekarun farko na rayuwarsu a tsare, ko suka rasa iyaye suka faɗa hannun masu cutar da su, yanzu sun zama samari da 'yan mata, kuma ya kamata ma'aikatan lafiya su riƙa sa ido a kansu.

To, ba aljanu ba ne?

Wannan ita ce tambayar da take cikin zuciyar kowa ko da bai furta ba, kuma ba zan zagaye ta ba. Musulmi ya yi imani da samuwar aljanu, akwai sura guda a Alƙur'ani da sunansu, kuma babu likita mai hankali da zai nemi ya raba mutum da imaninsa kafin ya duba shi. Amma yarda da cewa aljanu suna nan abu ne daban da yanke hukunci cewa wannan yarinyar da ke gabanmu, a wannan daren, aljani ne yake magana da bakinta. Na farko imani ne, na biyu kuwa zato ne, kuma zato yana iya kuskure.

Masu kundin 2013 da kansu sun lura cewa a ƙasashe da dama larurar tana zuwa da kamannin shafar iska: mai ita za ta ce wani ne daga waje ya hau ta, ya ba da sunansa, ya faɗi abin da yake so. Hakan ba abin mamaki ba ne, domin mutum yakan fassara abin da ke faruwa da shi da harshen da ya tashi da shi. Wanda ya girma yana jin labarin iskoki, ko ginnaaji kamar yadda maƙwabtanmu Fulani suke cewa, da wannan sunan zai kira baƙuwar muryar da yake ji a cikinsa. Sun kuma gindaya sharaɗi cewa abin da al'ada ko addini suka saba da shi, wanda mutum yake shiga da saninsa ya kuma fita, kamar hawan bori a wurin wasa, ba a lissafa shi a matsayin wannan larura. Ana maganar larura ne idan abin yana zuwa ba a gayyace shi ba, yana maimaituwa, yana jefa mutum cikin wahala, yana kuma ɓata masa aure ko karatu ko sana'a.

Abin da na lura da shi a ɗakin dubawa, wanda kuma ya sauya mini tunani, shi ne irin maganar da "aljanin" yake yi idan aka bar shi ya yi magana ba tare da tsawa ba. Sau da yawa ba ya maganar kogi ko tsamiya. Yana cewa ne a rufe ƙofa, kada a bar wane ya shigo, ko yana kuka yana cewa ba zai sake ba. Mun saba tambayar "wane ne kai, daga ina ka zo?" Da za mu ƙara da tambayar "me aka yi miki?", da amsar da za mu samu ta ishe mu. Addu'a da karatun Alƙur'ani da azkar ba sa karo da magani, har ma suna kwantar wa mai imani da hankali. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani, kuma malaman Musulunci na farko, irin su Abu Zaid al-Balkhi da ya rasu a 934, sun yi rubutu a kan jinyar tsoro da baƙin ciki kamar yadda suka yi a kan jinyar jiki.

'Yan matan da suke faɗuwa a makaranta gaba ɗaya, ita ce take damunsu?

Galibi a'a. Faɗuwar da take kama ɗalibai goma ko ashirin a safiya guda, ta yaɗu daga aji zuwa aji, ta kuma lafa idan aka raba su aka mayar da kowace gida, wani abu ne daban da yake da alaƙa da tsoro da gajiya da ganin abin da ya sami ta kusa. Wadda za a mayar da hankali a kanta ita ce wadda abin bai bar ta ba bayan sauran sun warware, musamman idan tana da giɓin mantuwa tun kafin ranar.

Ta yaya likita zai bambance ta da farfaɗiya ko taɓin hankali?

Da tambaya mai tsawo da haƙuri, domin babu gwajin jini ko hoton kai da yake nuna ta. Aikin farko shi ne a kawar da cututtukan da suke kama da ita. Akwai irin farfaɗiyar da ba ta kayar da mutum ƙasa, sai dai ya yi shiru yana motsa baki ko yana lalube na minti ɗaya ko biyu, bayan nan bai san abin da ya faru ba. Wannan ana neman ta da na'urar auna wutar ƙwaƙwalwa, kuma tana da magani mai sauƙin kuɗi. Akwai zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da sanƙarau, da buguwar kai a haɗarin babur, da faɗuwar sukari. Akwai kuma tiramol da sauran ƙwayoyin da suka yi katutu a hannun matasanmu, waɗanda suke kawo jijjiga da ruɗewa. Duk wanda hankalinsa ya juye farat ɗaya tare da zazzaɓi ko sanƙarewar wuya, a garzaya da shi asibiti a ranar, ba wannan shafi yake bukata ba.

Cutar da aka fi rikita ta da ita ita ce sikizofireniya, saboda duka biyun suna zuwa da jin muryoyi, kuma saboda sunan da likita Eugen Bleuler ya raɗa wa sikizofireniya a farkon ƙarni na 20 yana nufin tsagewar hankali. Amma mai sikizofireniya ba ya komawa wani ɓangare mai suna da tarihi na daban, ba ya kuma rasa yini guda daga ƙwaƙwalwarsa. Abin da ya fi damunsa shi ne ruɗaɗɗen tunani da gaskata abin da babu shi. Akwai jerin tambayoyi 28 da Eve Bernstein da Frank Putnam suka tsara a 1986 domin tantance masu alamun ɓallewar hankali, sai dai ƙofa kawai yake buɗewa, ba ya yanke hukunci. Rashin gane larurar da wuri ya sa mutane da yawa, har a ƙasashen da suke da likitoci birjik, sukan yi shekaru ana ba su maganin cutar da ba ita suke da ita ba.

Ba kwaikwayo take yi ba don ta guje wa aiki ko kishiya?

Mai kwaikwayo yana son 'yan kallo, yana kuma samun riba. Wadda na ba da labarinta asarar masu kawo mata ɗinki ta yi, kuma kunya ce take rufe ta duk lokacin da aka gaya mata abin da ta yi. Sai dai adalci ne in faɗi cewa su kansu likitocin ƙwaƙwalwa ba bakinsu ɗaya ba a kan wannan larura. A shekarun 1980 adadin waɗanda aka ce suna da ita ya yi tashin gwauron zabo a Amurka, kuma ta tabbata cewa wasu masu jinya, ta hanyar tambayoyi masu cusa amsa da sa mutum cikin barcin maganaɗisu, wato wani hali mai kama da barci da ake jefa mutum ciki ta hanyar magana, sun sa marasa lafiya sun ƙirƙiri ɓangarori da "tunanin" abubuwan da ba su faru ba, har iyalai suka watse. Saboda haka akwai masanan da suke ganin al'ada da tasirin mai jinya suna da babban kaso a cikin lamarin. Darasin da ya shafe mu a nan shi ne, mai ruƙyar da ya dage sai an faɗa masa sunan aljani da adadin 'ya'yansa, da ma'aikacin lafiyar da ya dage sai an lissafa masa ɓangarori, kuskure iri ɗaya suke yi: mutumin da yake cikin ruɗu zai ba ka abin da ka matsa masa ya ba ka.

Mutum nawa ne suke da ita?

Kundin 2013 ya kawo wani ƙaramin bincike na Amurka da ya sami kashi 1.5 cikin ɗari na manya. Masu shakka suna ganin adadin ya yi yawa. Abin da ya tabbata shi ne mata sun fi yawa a cikin manyan da ake ganowa a asibiti.

Tana da haɗari ga yara da mutanen gida?

Haɗarin da ya fi girma a kanta yake. Kundin da na ambata ya ce fiye da kashi 70 cikin ɗari na masu larurar da suke zuwa asibiti daga gida sun taɓa yunƙurin kashe kansu, kuma yanka jiki ko ƙona shi ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Don haka idan ta ce ta gaji da duniya, ko aka ga sabon tabo da ba ta san yadda aka yi ba, kada a tsaya yi mata wa'azin wuta, a kawar da maganin ƙwari na gona da shinkafar ɓera da tarin ƙwayoyi daga inda hannunta zai kai, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti mafi kusa a ranar. Game da yara kuwa, abin kiyayewa shi ne lokacin giɓin mantuwa, kada ya same ta da jariri a bakin murhu ko rijiya babu wani babba a kusa.

Tana warkewa?

Ana samun sauƙi sosai, amma da sannu, kuma jinyar ta magana ce tsakanin mai larurar da ƙwararre guda da ta amince da shi, wata da watanni, sau da yawa shekaru. Ƙa'idar da ƙungiyar masana wannan fanni ta duniya ta sabunta a 2011 ta kasa aikin mataki uku. Na farko shi ne aminci da natsuwa: a tabbatar wanda ya cutar da ita ba ya iya kaiwa gare ta, ta daina cutar da kanta, barci ya daidaita, ta koyi gane alamun da ke zuwa kafin hankalinta ya ɓalle da yadda za ta dawo da shi. Wannan matakin shi ne mafi tsawo, kuma a ganina shi ne ya fi dacewa da halin da muke ciki, domin nas ɗin da ya sami horo yana iya yin babban kaso daga cikinsa. Na biyu shi ne komawa ga abin da ya faru, kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da za ta iya ɗauka. Na uku shi ne haɗa rayuwa wuri guda, ɓangarorin su san juna su daina ja-in-ja, ta koma sana'arta da zumuncinta. Wasu ɓangarorinsu suna narkewa su zama ɗaya, wasu kuma suna tsayawa a zaman lafiya tsakaninsu, kuma duka biyun ci gaba ne.

Kuskuren da masu kyakkyawar niyya suke yi shi ne tsallake mataki na farko. Na taɓa ganin wani ma'aikaci, a wani wuri da ba zan ambata ba, ya matsa wa wata yarinya a zaman farko sai ta faɗi komai a gaban mahaifinta, ni kuma ina fassarawa. Ba ta sake dawowa ba, kuma har yau ina jin nauyin rashin cewa a dakata.

Akwai ƙwayar da ake sha?

Babu ƙwayar da take haɗa ɓangarorin. Likita yana iya rubuta maganin baƙin ciki mai tsanani ko na fargaba idan suna tare da larurar, kuma suna taimakawa. A guji sayen diyazefam da makamantansa a hannun masu tallar magani, domin suna kama jiki, suna kuma ƙara mantuwar da ake kuka da ita.

Me za mu yi a lokacin da abin ya taso mata?

A rage mutane, a rage murya, kada a danne ta, kada a watsa mata ruwa, kada kuma a ɗauki hotonta a waya. Mutum ɗaya da ta saba da shi ya zauna inda za ta gan shi, ya ɗan ba ta tazara. Ƙanwar telar nan ta iya wannan fiye da kowa. Takan zauna a ƙasa kusa da keken, ta ce: "Adda, ni ce, ƙanwarki. Muna ɗakinki a Garwa, yau Alhamis, an yi la'asar. Ƙofa a rufe take, babu mai shigowa. Taɓa tabarmar nan ki ji. Ga ruwan randa, riƙe kofin, da sanyi ko?" Haka za ta yi ta maimaitawa a hankali har idanun yayar su dawo ɗakin. Idan muryar yarinya ce take magana, ba ta yi mata gardama ba ta kuma yi mata dariya, takan ce mata yanzu babu abin da zai same ta. Bayan ta dawo, sai ta gaya mata abin da ya faru a taƙaice, su biyu kawai, ba a tsakar gida ba.

Dukan da ake yi wajen ruƙya da ɗaurewa a mari fa?

Ana cewa aljanin ne yake jin bulalar, amma washegari a bayan 'yarku ake ganin shatar. Ga mutumin da duka da kullewa a ɗaki suka jefa shi cikin wannan hali tun farko, sake dukansa da ɗaure shi da turara masa barkono maimaita masa ainihin abin da ya raba hankalinsa ne, kuma ko ya yi shiru bayan haka, shirun ɓuya ne. Na san iyalai ba don mugunta suke kai nasu irin waɗannan wurare ba. Gajiya ce, da tsoron kada ta ɓace, da rashin wani wurin zuwa. Matsalar kuma ba tamu kaɗai ba ce, domin rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a watan Oktoba na 2020 ya sami shaidar ɗaure masu larurar ƙwaƙwalwa a ƙasashe 60. Afirka tana da nata misalin na wata hanya: a 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abekuta a Najeriya, inda marasa lafiya suke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan uwansu, suna zuwa asibiti da rana, kuma ya yi aiki tare da masu maganin gargajiya maimakon ya kore su. Malamin da zai yi karatu da tofi cikin natsuwa, a gaban muharraminta, ya kuma ce a ci gaba da zuwa asibiti, abokin aiki ne. Wanda ya ɗauko bulala, ko ya ce a bar shi da ita su kaɗai, ko ya hana shan magani, a ɗauke ta daga wurinsa.

Za ta iya aure da haihuwa, kuma 'ya'yanta za su gada?

Za ta iya, kuma da yawa suna riƙe da gidajensu. Ba a ɗaukar larurar ta hanyar cin abinci tare ko shayarwa, ba kuma gadonta ake yi kamar sikila ba. Abin da yake kare 'ya'yanta shi ne su tashi a gidan da ba a cutar da su. Aurar da ita domin "aure zai warkar da ita" kuwa, musamman ba da son ranta ba, yana iya dagula komai. Hukuncin sallar da ta kuɓuce mata ko maganar da ta furta a lokacin da ba ta cikin hayyacinta, a kai wa malami masani, a kuma yi masa bayanin larurar yadda likita ya faɗa.

Ina za mu je, kuma da me za mu tafi?

A fara da asibitin jiha mafi kusa, a Garwa ko Marwa ko Ngaundere, a nemi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa ko nas ɗin da ya ƙware a wannan fanni. Mutanen Kusiri kuma Injamena, babban birnin Cadi, ta fi musu kusa. Likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a Kamaru da Cadi, kuma manyan sassan lafiyar ƙwaƙwalwa na Kamaru suna kudu, a asibitin Jamot na Yawunde da Laquintinie na Duwala, amma kada a sayar da akuya a hau jirgin ƙasa daga Ngaundere kafin a sami takardar turawa, domin jinyar da za a riƙa komawa kowane mako biyu ta fi amfani a kusa da gida. A yankunan da rikici ya shafa, a tambaya a cibiyar lafiya ko akwai masu ba da shawara kan damuwa da ƙungiyoyin agaji suke turowa.

A tafi da tsofaffin karne duka, da kwalayen duk maganin da ta sha, na asibiti da na gargajiya. A sami ƙaramin littafi a riƙa rubuta ranar da abin ya taso, da abin da ya faru kafin nan, da tsawon lokacin da ya ɗauka, da ko ta tuna bayan ta dawo. Wanda zai raka ta ya zama wanda ita ta zaɓa, ba lallai babban gida ba, domin wani lokaci wanda ya fi kowa ɗokin rakiya shi ne wanda ba za ta iya buɗe baki a gabansa ba. A bar ta ta gana da likita ita kaɗai na ɗan lokaci, kuma idan ba ta jin Faransanci, a roƙi asibitin ya ba da tafinta wanda ba ɗan unguwarsu ba ne, mace idan da hali.